Katin kanti, gyara da garabasa: tambayoyin masu cefane a Damagaram

Shekara 11 na yi ina riƙe da littafin kantin kawuna a gefen Kasuwar Dole kafin in koma aikin ofis. Shi ya sa har yau, ko a majalisa bayan la'asar ko a cikin gida idan mata sun taru, da zarar an taɓo maganar cefane sai a juyo kaina. Kwanan nan tambayoyin sun karkata ga katin da wasu manyan kantuna ke bai wa masu sayayya, da garabasar kamfanonin waya, da irin tallan nan na "sayi uku a ba ka ɗaya". Na tattaro waɗanda aka fi yi mini. Lissafin duka da sefa ne, yadda muka saba: dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1000. Farashin da zan kawo misali ne don a gane lissafi, kowa ya sa nasa a gurbinsa.

Malam, shi wannan kati mene ne, kuma me mai kanti yake ci a ciki?

Kati ne, ko kuma lambar wayarka kawai, da ake rubuta maka maki a kai duk lokacin da ka yi sayayya. Idan makin ya taru a rage maka kuɗi ko a ba ka wani kaya. A nan Damagaram kantunan da ke yin haka da na'ura ba su da yawa, an fi ganinsu a Yamai da Kano. Wasu a nan da ɗan kwali suke yi, a buga hatimi duk zuwa, idan gurabe goma sun cika a ba ka sabulu ko gwangwanin madara.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A Amurka, tun 1896 kamfanin Sperry & Hutchinson ya fara raba ƴan tikitoci masu kama da kan sarki, mutane su manna a littafi, idan ya cika su musanya shi da kayan gida. A Ingila kantunan Tesco sun fito da nasu katin a 1995, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: fam ɗaya maki ɗaya, maki ɗaya kuwa kwabo ɗaya. Wato ɗaya bisa ɗari. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Abin da mai kanti yake ci shi ne ƙafarka. Wanda makinsa ya kusa cika ba ya taya kaya a wani wuri, ko da can ya fi araha. Na biyu kuma, na'ura tana gaya masa me kake saye da kuma yaushe.

Ashe ba gyara ba ce aka sa mata riga?

Kusan haka ne, Hajiya, sai dai gyara ta fi kati kirki ta fuska biyu. Ita nan take ake ba ki, ki sa a kwando ki tafi, babu jiran wata shida. Kuma sau da yawa ta fi yawa. A ce kin auni gero tiya 10, mai hatsi ya dumbuzo rabin tiya ya zuba miki. Biyar bisa ɗari ke nan, ninki biyar na abin da katin Turawan nan ke bayarwa. Mai tumatir da ke ɗora miki guda uku a kan kashin dala arba'in, ko mahaucin da ke jefa ƙashi da ɗan kitse bayan ya gama awo, duk sun wuce kati nesa ba kusa ba.

Amma gyara tana da nata wayon. Na san mai awo da zai yi miki gyara da hannu biyu yana murmushi, alhali tiyar tasa an bubbuge gindinta ta shige ciki. Abin da ya ƙara miki a sama ya riga ya cire shi a ƙasa. Kawuna, Allah ya jiƙansa, idan zai sayi hatsin gida da tiyarsa yake tafiya a cikin buhu, kuma ban taɓa ganin mai gaskiya ya ji haushin haka ba. Wanda ya ɓata rai, to, kin san inda ba za ki koma ba.

Wani abu kuma, gyara ta san fuska. Mai kayan miya da kika shekara kina zuwa wajenta, ranar da kuɗinki bai kai ba za ta ce ki tafi da shi, gobe ma rana ce. Na'ura ba ta san an yi haihuwa a gidanki ba.

To nawa zan rage a wata idan na karɓi kati?

Mu yi lissafi. A ce a wata kana kashe jika 60 a kantin: shinkafa, mai, sukari, taliya, sabulu, madara. Idan katin na ɗaya bisa ɗari ne, sefa 600 za ka samu a wata, jika 7 da dala arba'in a shekara. Ba a raina shi, kuɗin littattafan yaro ne a farkon lekkol.

Yanzu ka juya lissafin. Idan buhun shinkafa a kantin mai kati ya ɗara na kasuwa da dala ɗari, buhu ɗaya ya cinye kusan duk ribar watan. Idan kuma daga Birni ko Garin Malam sai ka hau kabu-kabu zuwa da dawowa sau huɗu a wata don kawai a buga maka maki, mai babur kake yi wa adashe. Saboda haka abin da za ka duba shi ne jimillar abin da ya fita daga aljihunka har kayan suka shiga zauren gidanka, da kuɗin dako da komai.

Kati yana da amfani ga wanda dama can a nan yake sayayya, kuma farashin kantin daidai yake da na waje. Shi kam ya karɓa, banza ce ta samu.

An ce ina da maki 3000. Dukiya ce?

Tambayi yaron kanti: maki 3000 ɗin nan, idan na ce a cire mini su yau, sefa nawa ne? Amsar ita ce dukiyar. Da gangan ake sa makin ya yi yawa a ido. Ka kuma tambaya ko makin yana mutuwa bayan wasu watanni, da ko akwai kayan da ba a yarda a biya da shi ba. Idan ya kasa ba ka amsa a tsaye, ka ɗauka babu komai a ciki.

Kuma kada ka mai da maki asusu. Da ya kai abin cira, ka cira. Na taɓa tara hatimi tara a kwalin wani kanti, saura ɗaya a ba ni galan ɗin mai, na je na tarar an sauya mai kantin, sabon ya ce shi bai san zancen ba. Kwalin yana nan a aljihun tsohuwar rigata.

"Sayi uku a ba ka ɗaya kyauta" fa? Ai wannan ya fi kati.

Ya fi, idan farashin bai motsa ba kuma dama kina bukatar huɗun. Kin biya uku kin ɗauki huɗu, ragin kashi ɗaya bisa huɗu ke nan. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne "sayi ɗaya, na biyu rabin kuɗi". Kunne yana jin rabi, amma idan kika haɗa biyun ragin ɗaya bisa huɗu ne shi ma. "Sayi biyar a ba ka ɗaya" kuwa ɗaya bisa shida ne, bai kai su ba.

Ki duba abu biyu. Na farko, farashin makon jiya. Akwai masu ɗaga kaya kwana biyu kafin su manna takardar ragi. Na biyu, nauyin da ke rubuce a jikin leda. Ledar omo ko ta madara tana iya zama da kala ɗaya da tsawo ɗaya da ta bara, amma giram ɗin ciki ya ragu. Yaran gida da ke lekkol su ne maganin wannan. Ki ce wa ɗanki ya raba kuɗin da giram ya gaya miki wanne ya fi araha, ki ga yadda zai yi ta ƙafafa da aikin.

Me ya sa kayan garabasa sukan zama waɗanda suka kusa lalacewa?

Domin mai kanti ma ɗan kasuwa ne. Mu ma haka muke yi a da: idan katan ɗin tumatirin gwangwani ya rage wata biyu, sai a fito da shi bakin ƙofa a karya kuɗinsa. Babu laifi a ciki muddin ba a goge kwanan watan ba kuma mai saye ya sani. Idan gidanku mutum 15 ne, gwangwani shida ba za su ga ƙarshen mako ba, ki saya hankali kwance. Idan ke da mijinki ne da jariri, ki ƙyale.

Ni kaina, da duk sanin nan nawa, na faɗa. Wata shekara gab da azumi na ga madarar gari an karya mata kuɗi sosai, kwaɗayi ya ja ni na ɗauki manyan gwangwani huɗu. Lokacin zafi ne, irin na watan Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40, ɗakin ajiyarmu kuma rufin kwano. Biyu muka sha. Na uku da aka buɗe ya dunƙule ya yi wari kamar tsohon man shanu, na huɗu ko buɗe shi ba a yi ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai ajiye su a inda zan riƙa gani kullum idan zan fita masallaci. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki, ko kyauta aka ba ki kada ki kai shi tukunya.

Mai kantin unguwarmu ba shi da kati, amma yana ba mu bashi. In bar shi?

A'a, ƙanena, kada ka yi gaggawa. Littafin bashin nan shi ne katin da ya fi kowanne ƙarfi a garin nan. Ma'aikacin da albashi ya yi masa jinkiri ya san darajarsa. Sai dai ka sani, mai cin bashi ba ya taya kaya. Abin da aka rubuta shi ne farashi, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce ya yi tsada ba. Dabarar da na ga ta yi wa mutane aiki ita ce raba cefane biyu. Manyan kaya, buhun shinkafa da bidon mai da katan ɗin taliya, a saye su da kuɗi hannu a wurin ƴan sari idan albashi ya shigo. Ƙananan na yau da gobe, magi da ashana da ganyen shayi, a bar wa na unguwa, a kuma biya shi kan lokaci. Wanda ke biya ranar da ya yi alkawari yana da bakin cewa "Alhaji, a duba mini".

Sai maganar canji, wadda ba a cika lura da ita ba. Dala biyar ɗin da ake ce maka babu canji a ba ka alewa, idan kullum ne, sefa 750 ne a wata. Ya fi abin da katin can zai ba ka. Ka ce a rubuta maka a littafi, idan ya taru ka karɓi sabulu. A kantinmu shafi guda muka ware wa wannan, kuma tsofaffin mata su ne ba sa yafe ko dala.

Garabasar kuɗin waya fa, ita ma ragi ce?

Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms duk suna yin irin tasu lokaci zuwa lokaci, kuma sharuɗɗan suna sauyawa, don haka ka karanta saƙon har ƙarshe. Tambayoyin su ne: kwana nawa kyautar za ta yi kafin ta mutu, layi ɗaya ake kira da ita ko kowanne, da rana take aiki ko sai dare ya raba. Idan dama jika ɗaya kake sawa a mako, ka jira ranar garabasa ka sa jikar, ka ci riba. Idan kuwa ka sa jika uku don an ce za a ninka, sannan ka kwana kana kiran mutanen da ba ka da abin gaya musu don kada ta ƙone, kai aka ci.

Ɗalibai na Jami'ar André Salifou sun fi mu iya wannan lissafi, su kan san wane layi ne ya fi arahar intanet a wane sa'i. Idan akwai ɗaya a gidanku, a ba shi wuƙa da nama.

An turo mini saƙo cewa na ci kyautar jika 500, in aika da lambar sirri. Gaskiya ne?

Ƙarya ce. Babu kanti ko kamfanin da zai nemi lambar sirrin asusun wayarki, ko ya ce ki fara turo kuɗi kafin a ba ki kyauta. Kada ki kira lambar, kada ki karanta wa kowa lambobin da suka shigo miki. Idan zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki taka da ƙafarki zuwa ofishin kamfanin. A gaya wa tsofaffin gida wannan, su aka fi nema.

Suna neman lambar wayata da sunana kafin su ba ni kati. In bayar?

Suna da lamba sun isa. Idan aka fara neman hoton katin ɗan ƙasa ko yawan ƴaƴanka saboda ragin sabulu, ka tambayi dalili. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido a kan haka. Abin da zai biyo baya dai ka shirya masa: saƙonnin talla, musamman gab da azumi da salla. Ni da na ga sun dame ni, tsohon layina nake bayarwa.

Malam, ta fuskar addini babu matsala?

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ɗan kanti ne, amma ga yadda na ji malamai suna rarrabewa. Ragi ko kyautar da mai kaya ya yi maka don ka saya a wajensa, ba tare da ka biya wani abu a kan katin ba, dukiyarsa ce ya ba ka da yardarsa. Inda suke ɗaga gira shi ne katin da sai ka saye shi da kuɗi alhali ba ka san ko za ka ci moriyarsa ba, da kuma tambolar da mutum ke sayen kayan da ba ya bukata, ko ya yi ta tura saƙo mai cin kuɗi, don kawai sunansa ya shiga ƙuri'ar babur. Wannan ya yi kusa da caca. Ka kai wa limaminku ainihin sharuɗɗan ya duba maka.

Mu mata biyar ne a layinmu. Za mu iya haɗa kai?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan ne kuɗi na gaske yake. Tazarar da ke tsakanin farashin sari da na ɗai-ɗai ta fi duk wani maki. Ku dubi mai: wadda ke sayen ɗan awo na dala ashirin kullum tana biyan lita da tsada fiye da wadda ta sayi bidon lita 25. Haka sukari, haka sabulu a katan. Idan kowacce ta kawo nata kason, ku sayi buhu ɗaya da bidon ɗaya, ku raba a tsakar gida da ma'auni ɗaya a gaban kowa. Ɗan sari idan ya ga duk wata kuna zuwa da kuɗi hannu, shi da kansa zai fara cewa a kai muku har gida. Idan kuma kantin mai kati ne, kati ɗaya za ku riƙa amfani da shi, makin ya taru da sauri, abin da ya fito a raba ko a zuba a asusu.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da irin wannan zubi na mako-mako suka kafu, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka guda biyu ne: a bar kuɗi a hannun mutum ɗaya babu rubutu, ko a fara ɗaga wa wata ƙafa "sai wata mai zuwa". Ku sami ɗan littafi, ku sa wadda ta fi kowa tsauri ta riƙe, ko da ba a son halinta.

Gero da dawa fa? Akwai katinsu?

Katinsu shi ne kaka. Farashin hatsi yana sauka bayan girbi, wajen Oktoba da Nuwamba, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa cikin damina kafin sabo ya shigo. Magidancin da ya iya ajiye buhu uku ko huɗu da kaka ya rage abin da kati ba zai rage masa a shekara biyar ba. Ranar Alhamis a Kasuwar Dole, ko Lahadi a Mirya, mutanen ƙauye suna shigowa da kaya, kuma wanda ya yi sammako ya fi samun zaɓi. Sai a kula da ajiya: a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, wake kuma a zuba a jarka a toshe bakinta sosai saboda ƙwari.

A kuma kasa kunne ga rediyo da mai unguwa. A shekarun da abinci ya yi tsada gwamnati takan fito da hatsin OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a sayar da rahusa. Layi ne mai tsawo da rana, amma ragin na gaske ne.

Yayana yana zuwa Kano sari, yana da katin wani babban kanti a can. In riƙa ba shi saƙo?

Ki ba shi, amma ki yi lissafin canji na ranar, ba na watan jiya ba. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ita kuwa naira hawa da sauka take yi, abin da ya yi araha a watan jiya yana iya zama daidai da na nan yau. Ki haɗa da kuɗin mota da na hanya. Kayan da ba sa lalacewa kuma ba su da nauyi, irin su man shafawa, sabulun wanka da kayan yara, su suka fi dacewa da saƙo. Na ci da na sha ki ce ya duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da kwanan wata. Makin kuwa a katinsa zai zauna, don haka idan ya kawo miki kaya ba tare da ya ɗora ko dala ba, kada ki tsaya tambayar maki.

Ta yaya zan gane ko katin da ke hannuna yana yi mini amfani?

Gwaji na wata ɗaya ya isa. Ka zaɓi kaya biyar da gidanka ba ya rabuwa da su, misali shinkafa, mai, sukari, sabulu da taliya. Ka rubuta farashinsu a kantin mai kati, ka aiki yaro ya tambayo a wurin ɗan sari da kuma kantin unguwa, nauyi ɗaya, iri ɗaya. Ka ajiye duk takardun sayayyar watan a cikin gwangwani. Ƙarshen wata ka zauna da uwargida ku sa alama a kan duk abin da ya shigo gidan wanda ba ya cikin niyya tun farko: biskit ɗin da aka ɗauka don maki ya cika, lemon kwalin da aka ce biyu kuɗin ɗaya. Ku haɗa kuɗinsu, ku ajiye shi kusa da abin da katin ya mayar muku.

Da muka yi namu, kati ya mayar mana da sefa 450, kayan da ba a yi niyya ba kuma sun kai jika 4 da ɗoriya, mafi yawansu ranakun da na je kantin da ƙaramar ƴata. Yanzu takarda nake rubutawa kafin in fita, ita kuma ƴar tana zama wajen kakarta har in dawo.